Fili ya tsuke, iyali na ƙaruwa: yadda ake fitar da gidan zamani a kan mita 10 da 20

Duk wanda ya zagaya sabbin unguwannin Yamai, ko na bayan garin Maraɗi da Damagaram da Tawa, zai lura ƙofofin gidaje sun matso kusa da juna. Filin da a zamanin iyaye ake kewaye shi da katanga guda, a dasa dogon yaro a tsakiya, a bar wa awaki gefe, yau shi ne ake rabawa biyu ko uku. Matashin da ya shekara goma yana tara kuɗi a Aljeriya ko Libiya ko Kwatano ko Faransa, idan ya aiko a saya masa fili, sau da yawa abin da kuɗinsa ke kamawa shi ne mai faɗin mita 10 da tsawon mita 20, wato murabba'in mita 200.

A kan wannan ɗan zirin ne yake son ya zaunar da mata da ƴaƴa, ya ware wa mahaifiya ɗaki, ya samu inda zai karɓi baƙi, da wurin ajiye mota ko babur. Hakan na yiwuwa, amma ya danganta da yadda aka tsara gidan tun kafin a haƙa ramin tushe. Kuskuren da aka yi a wannan mataki, iyali ne za su zauna cikinsa shekaru da dama.

Me ya sa filaye ke tsukewa?

Dalili na farko shi ne yawan jama'a. Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, mazauna Yamai ba su wuce dubu talatin da ƴan kai ba. A ƙidayar 2012 sun haura miliyan 1, kuma tun daga nan garin bai daina faɗaɗa ba, har gine-gine suka ci wani ɓangare na dajin da aka dasa don ya zagaye birnin ya tare masa iska da rairayi. Yayin da gari ke nisa, filin da ke kusa da kwalta da famfo da wutar lantarki sai ya ƙara tsada. Mai ƙaramin ƙarfi yana da zaɓi biyu: babban fili a can nesa inda ruwa da wuta ba su kai ba, ko ƙarami a kusa da wurin aiki da makarantar yara.

Dalili na biyu shi ne gado. Idan maigida ya rasu aka zo raba gidansa, kowane magaji yana son ƙofarsa ta kalli titi. Saboda haka ake yanka filin a tsaye. Mai mita 20 da 20 ya koma biyu masu mita 10 da 20. Mai mita 20 da 30, idan aka raba shi uku, kowa zai tashi da faɗin da bai kai mita 7 ba amma tsawonsa 30. Haka ma masu sayar da filaye ke yi don su samu masu saye da yawa. Sakamakon shi ne fili mai ƙaramar fuska da dogon ciki, maƙwabta sun tokare shi dama da hagu.

Akwatin siminti

Abin da aka fi gani a irin wannan fili shi ne a ɗauko tsarin babban gida, irin wanda ake turowa hotonsa ta WhatsApp daga Dubai ko Abijan, a matse shi har ya shiga. A jera ɗakuna dama da hagu, a bar siririyar hanya a tsakiya, a rufe komai da kwano ko da kankare tun daga ƙofa har bangon baya. A takarda abin yana burgewa, domin an samu ɗaki huɗu ko biyar da babban falo.

Matsalar tana bayyana ne bayan an tare. Ba a iya buɗe taga a bangon da aka haɗa da maƙwabci, don haka ɗakunan tsakiya ba sa ganin rana, sai an kunna fitila da tsakar rana. Iska ba ta da inda za ta shiga ta fita. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a yawancin garuruwanmu, bulon siminti da rufin kankare suna shan rana tun safe, da dare kuma su sako zafin cikin ɗaki. Uwargida ba ta da wurin daka ko shanya ko hura gawayi, yara ba su da wurin wasa sai titi, tsohuwa kuma ta rasa inda za ta shimfiɗa tabarma ta sha iska.

Mai irin wannan gida ya dogara ne kacokan a kan na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma ta dogara a kan wuta. Ba a manta da abin da ya faru a watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Ko a lokacin da wutar ke nan, takardar kuɗinta a bazara tana cin wani babban kaso na albashin ma'aikaci, ko na abin da ɗan ci-rani ke aikowa duk wata.

Abin da aka gwada a Niamey 2000

Akwai wani aiki a cikin Yamai da ya nuna wata hanyar. A 2016 aka kammala wasu gidaje shida a unguwar Niamey 2000, waɗanda wata ƙungiyar masu zanen gine-gine mai suna united4design ta tsara. A cikinta akwai ƴar Nijar Mariam Issoufou Kamara, da Yasaman Esmaili ƴar Iran, da Elizabeth Golden, da Philip Sträter. Aikin mai murabba'in mita 1,700 ya tattara iyalai shida a wurin da aka saba shimfiɗa babban gida guda.

Dabarar ita ce hawa sama da bene ɗaya, tare da bai wa kowane gida tsakar gidansa da wurin shan iska a sama, ta yadda maƙwabci ba ya leƙen maƙwabci. An yi bangon da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, ba a gasa shi ba, an kuma taƙaita kankare ga wuraren da ya zama dole. Masu zanen sun bayyana cewa sun ɗauki darasi ne daga tsoffin birane irin su Tumbutu da Kano da Damagaram, inda gidaje ke manne da juna, suna yi wa juna inuwa, wasu ma da soro a sama. A 2022 aikin ya shiga jerin waɗanda aka tantance don kyautar Aga Khan ta gine-gine.

Mariam Issoufou ta fara ne da karatun kwamfuta a Amurka kafin ta koma fannin zanen gini a jami'ar Washington. A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai, ta raɗa masa sunan da ta ɗauko daga kalmar Hausa, Masomi. Ita da Yasaman Esmaili ne suka tsara ginin Hikma na garin Dandaji a jihar Tawa, wanda aka gama a 2018, inda aka mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, aka gina sabo da irin wannan bulo na ƙasa. A jihar Tawa ɗin dai ne masallacin Yama, aikin magini Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan tun 1986.

Ƙarancin fili ba a kanmu aka fara shi ba. A birnin Osaka na Japan, Tadao Ando ya gina wani gida a 1976 a kan filin da faɗinsa bai kai mita 4 ba. Ya raba tsawon gidan kashi uku daidai, ya bar na tsakiya a buɗe ba rufi, daga nan dukkan ɗakunan ke samun haske da iska. Fuskar da ke kallon titi ko taga babu. Bahaushen da ya ga hoton gidan zai gane tsarin nan take, domin shi ne na gidan da ya tashi a ciki: bango rufe ta waje, rayuwa kuma a tsakar gida.

Misali a kan mita 10 da 20

A ɗauki filin nan mai murabba'in mita 200, a raba tsawonsa na mita 20 kashi huɗu.

Mita 6 na farko daga titi su ne na baƙi da abin hawa. A nan za a fitar da zaure ko falon baƙi mai bayinsa, da wurin mota mai faɗin mita 3, da mashiga mai lanƙwasa, yadda wanda ke tsaye a ƙofa ba zai hangi cikin gida ba. Wannan shi ne aikin da zaure da shigifa ke yi a gidan gargajiya.

Mita 6 na biyu su ne zuciyar gidan. A bar tsakar gida mai mita 6 da 6 a buɗe, sauran mita 4 na gefe kuma a sa kicin da matakala. Kicin ɗin ya buɗe ga tsakar gida, domin hayaƙi da ƙauri su fita, mai girki kuma ta riƙa ganin yara.

Mita 6 na uku su ɗauki falon iyali da ɗaki guda mai bayi. Wannan ɗakin na ƙasa ya fi dacewa da tsoho ko tsohuwa ko mai jego, waɗanda hawa matakala zai wahalar.

Mita 2 na ƙarshe a bar su a buɗe daga bango zuwa bango. Nan ne wurin wanki da shanya da ɗaure ragon Layya, kuma shi ne ke sa ɗakunan baya su samu taga ta fuska biyu, iska ta ratsa.

Idan aka yi lissafi, an bar murabba'in mita 56 a buɗe, an gina 144. Idan aka ɗora bene a kan ɓangaren da aka gina, za a sake samun wani 144, inda ɗakunan kwana uku ko huɗu za su shiga. Jimilla ke nan 288 na gini a kan fili mai 200, ga tsakar gida, ga kuma kowane ɗaki da tagarsa. Wanda ya rufe filin duka a ƙasa, 200 kawai zai samu, rabi kuma cikin duhu.

Saman benen ma wuri ne. Idan aka zagaye shi da katangar da ta kai tsayin mutum, aka yi ta da bulo mai huda don iska ta wuce, iyali sun samu wurin kwana a daren bazara kamar yadda ake yi a saman soro tun da can. Tsayin katangar yana kare mutuncin masu gida da na maƙwabta, domin yawancin rigimar da bene ke jawowa a unguwa a kan leƙe take.

Rana, iska da ruwa

A yankinmu rana tana bi ta kusan tsakiyar sama, don haka tagar da ke kallon kudu ko arewa ƴar rumfa kaɗan ta ishe ta. Masu wahalar karewa su ne bangon gabas da na yamma, musamman na yamma da ke shan ranar la'asar. Mai siririn fili ba shi ke zaɓar inda ƙofarsa za ta kalla ba, amma yana iya zaɓar abin da zai sa a wajen. Idan fuskar gidan na yamma, nan ya kamata a sa wurin mota da bayi da ɗakin ajiya da baranda mai zurfi, a janye ɗakunan kwana ciki. Wata fa'ida da siririn fili ke da ita ita ce dogayen bangonsa biyu suna jingine da na maƙwabta, rana ba ta dukansu.

Iska mai zafi sama take yi. Shi ya sa ɗaki mai tsayin rufi ya fi sanyi, kuma ƙananan tagogi a can kusa da rufi suke da amfani. Ramin matakala idan aka buɗe masa kafa a sama yana zuƙe zafin gidan ya fitar, iska mai sanyi kuma ta shigo daga tsakar gida, musamman idan akwai itace a cikinta. Rufin kankaren da aka bari tsirara yana tara zafi sosai. Shafa masa farin fenti yana ragewa, ɗora rumfar kwano a samansa da tazarar da iska za ta bi ya fi. Irin wannan rufi mai hawa biyu na cikin abin da Francis Kéré na Burkina Faso ya yi suna da shi tun daga makarantar da ya gina a ƙauyensu Gando, kafin ya ci kyautar Pritzker a 2022.

Ruwan damina kuwa galibi daga gabas yake zuwa da iska mai ƙarfi, shi ya sa maginan gargajiya ke ƙara wa bangon gabas yaɓe. Tsakar gidan da gine-gine suka zagaye dole a yi mata magudana mai faɗi da gangara zuwa titi, in ba haka ba sai ta koma tafki. Daɓen gidan kuma ya ɗara titi tsayi sosai, domin duk lokacin da aka zuba ƙasa ko aka shimfiɗa kwalta, titi tashi yake yi, gida ya koma rami.

Shin ƙasa ba za ta rushe ba?

Wannan tambayar tana bakin kowa, kuma akwai dalili. Daminar 2024 ta rusa gidaje masu ɗimbin yawa a Maraɗi da Damagaram da Tawa da sauran jihohi, ta yi sanadin rasa rayuka. A farkon Satumbar shekarar tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi bayan ruwan sama mai yawa. A watan Oktoba hukumomi suka rage farashin siminti don a taimaka wa masu sake gini. Wanda ya ga haka da idonsa, da wuya a ce masa ya zuba gumin shekara goma a cikin ginin ƙasa.

Sai dai akwai bambanci tsakanin tubalin da aka kwaɓa da hannu aka ɗora a kan ƙasa ba tushe, da bulon jar ƙasa da aka tace, aka haɗa da siminti kaɗan, aka matse da inji. Na biyun yana da ƙarfi da kaifin gefe kamar bulon siminti, kuma ya fi shi jinkirta shigar zafi cikin ɗaki. Sharaɗinsa shi ne kada ruwa ya kwanta masa. Ana ɗora shi ne a kan tushen dutse ko na kankare da ya tashi sama da inda ruwa ke kaiwa, a kuma kare kansa da rufi mai baki da indararo masu jefa ruwa nesa da bango. A gidan bene ana iya yin ginshiƙai da katakon rufi da kankare, a cike tsakani da bulon ƙasa.

Wahalarsa ita ce ba kowane gari ke da injin da ƙwararrun magina ba, kuma ba kowace ƙasa ce ta dace ba sai an gwada. Inda babu su, bulon siminti mai kyau a gidan da aka tsara masa inuwa da iska ya fi bulon ƙasar da aka yi da ganganci. Akwai kuma batun kallon mutane, domin har yanzu wasu na ɗaukar ginin ƙasa a matsayin alamar rashi, ko da kuwa fadar Sarkin Damagaram da hasumiyar masallacin Agadas mai tsayin mita 27 da ƙasa aka yi su.

Ga mai gini daga nesa

Ɗan ci-rani ba ya gina gida a shekara guda. Yana aiko da kuɗi ne kaɗan-kaɗan, wannan shekara tushe, baɗi bango, wata shekarar rufi. Irin wannan gini shi ya fi buƙatar cikakken zane tun farko, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Idan akwai niyyar ɗora bene ko da bayan shekara goma ne, tun yau za a yi tushe da ginshiƙai da ƙarfen da za su ɗauke shi, a kuma ware gurbin matakala. Ɗora bene a kan ginin da ba a yi shi don haka ba yana daga cikin abin da ke kayar da gidaje a kan masu su. Ko tankin ruwa sai an sa shi a lissafi, domin lita 1,000 nauyinta tan guda ne.

Kuɗin mai zanen gini da na injiniyan da zai lissafa ƙarfe kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin ginin duka, kuma ya fi arha a kan fasa bango daga baya. Nijar tana da ƙungiyar ƙwararrun masu zanen gine-gine, da yawansu sun yi karatu a makarantar EAMAU ta Lome, kuma ana iya tantance ko mutum yana cikin rajistarta. A kai masa takardar filin da ma'auninsa na gaskiya, a gaya masa yawan mutanen gidan, da wanda ke girki da yadda ake girkin, da ko akwai shirin ƙarin aure ko ɗauko iyaye.

Kafin a zuba yashi ko tifa guda, a tabbatar da takardun mallaka a ma'aikatar magajin gari, a nemi izinin gini, a sa ma'auni ya kafa iyakoki a gaban maƙwabta. A siririn fili, taku ɗaya da aka shiga na wani yana iya kai mutum kotu. A kuma tambayi tsoffin unguwa inda ruwa ke bi da damina, musamman idan an sayi filin da rani.

Ramin bayi da na gologo a yi su ta gaba, misali ƙarƙashin wurin mota, inda tiyon motar kwasa zai kai ba tare da an ratsa falo ba. A raba biyan kuɗi mataki-mataki, kowane mataki sai wani masani wanda ba shi ke riƙe da kuɗin ba ya duba ya turo hoto da bidiyo, musamman na ƙarafa kafin a zuba musu kankare, domin bayan an zuba ba mai sake ganinsu. Kankare yana son a riƙa shayar da shi ruwa aƙalla mako guda, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Wanda ke matsa wa magina lamba ta waya don a gama kafin Salla, ya san da wannan.

Abu mafi wuya a wannan tsari shi ne mutum ya yarda ya bar murabba'in mita 36 na filin da ya saya da tsada ba tare da ya gina komai a kai ba. Ƴan uwa za su ce ɗaki biyu ne aka yi asara, magini ma zai ce haka tun da da yawan bulo ake biyansa. Kafin mai gida ya yanke shawara, yana da kyau ya sa a kai shi, ko a kai matarsa, gida biyu a unguwa ɗaya da ƙarfe 3 na rana a watan Afrilu: wanda aka rufe duka, da wanda aka bar wa tsakar gida da itace. Su zauna rabin awa a kowanne ba tare da an kunna komai ba, sannan a kira mai zane.